Maganin Bayan Salla

Garwa, ranar Lahadi

Zuwa ga Goggona Kaltouma, a Domayo, Marwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafa, ya kuma kunne? Mu nan jam, lafiya lau, Baba yana gaishe ki, ya ce ƙanwarsa ta manta da shi. Na haƙura da kiranki a waya, Goggo, tunda duk abin da na faɗa sai ki ce mini, "Eh, na ci abinci." Daga yau takarda za ki riƙa gani a hannun Mahamman direban ajans, kamfanin motocin haya.

Albishirinki. Kin san a asibitinmu ni ke kula da masu hawan jini, yawancinsu tsofaffi, mahauta da dillalan shanu. Sai ka ce wa mutum ya sha magani ƙarfe takwas na safe, alhali a lokacin yana tsakiyar fiɗa, hannu duk jini. Su dawo bayan wata guda, tansiyo, wato hawan jinin, na nan inda yake, ƙwayoyi na nan a aljihu. Na yi faɗa har na gaji. Rannan ina cikin yi wa wani Malam Sharif nasiha sai aka kira Azahar, ya miƙe ya bar ni da bakina a buɗe. Wallahi nan abin ya faɗo mini. Mutumin da bai taɓa shan magani kan kari ba, bai taɓa makara salla ba. Da ya dawo na ce, "Baba, manta da agogo. Ɗaya bayan sallar Asuba, ɗaya bayan Magariba, ka ajiye kwalin kusa da darduma." Goggo, kin ga yadda jinin tsofaffin nan ya sauka kuwa?

Babban likitanmu, Dokta Bertrand, yana da wani zama duk Laraba, inda kowane ma'aikaci zai kawo dabarar da yake ganin za ta gyara aiki. Na daɗe ina zama a baya ban ce uffan ba. Wannan karon na miƙe, ƙafata tana rawa. Ya sa aka tafa mini, ya ce a gwada a ko'ina. Har Madam Brigitte, ungozomarmu, wata Kirista 'yar kudu mai kirki, ta ce in koya mata. Tun makon jiya masu jegon da jininsu ya hau, da wannan umarnin ake sallamar su.

Ke da kika yi shekaru kina karɓar haihuwa, na san za ki ji daɗi. Ki gaida Achta maƙwabciyarki. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Nafisatu

Marwa, Litinin da safe

Nafisatu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau, ƙafa da sauƙi, kunne sai abin da ya ƙaru. Sauran gaisuwa sai an jima.

Ke 'yar nan, mai jego salla take yi?

Ki sake karantawa. Matar da ta haihu jiya, yaushe za ta ɗauki buta? Sai jinin biƙi ya ɗauke, wata ma sai ta yi arba'in. Kun ce mata ta sha magani bayan salla, ita kuwa ba ta salla. Mai wayo za ta gane ta sha abinta. Amma akwai mai biyayya, wadda maganar likita a wurinta yankan wuƙa ce, ita nake jin tsoro. Ga wankan ruwan zafi, ga kunun kanwa da uwarta za ta ɗura mata, jini kuma yana sama ba magani. Kin san ƙarshen wannan, jijjiga ce, na ga ta ɗauke mata a gaban idona, jariri yana kwance a gefe.

Na kira ki tun da na karanta takardarki. Na yi ta zuba bayani da ƙarfi, ashe wai matar kamfani ce take cewa wayarki a kashe take, sai da Achta ta ƙwace wayar tana dariya. Shi ya sa na tare Mahamman tun motar farko. Na ce masa ya kai miki hannu da hannu, in ya tsaya cin soya, tsiren nan, a hanya ban yafe ba.

Ki ajiye duk abin da kike yi, ki nemo matan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsaya kuka, na san halinki, kuka ba ya sauke jini.

Dabarar tsofaffin kuwa ta yi, madalla. Wannan maganar za mu yi ta daga baya.

Allah ya tsare.
Goggonki

Garwa, ranar Juma'a

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun kwanakin nan. Bari in fara da abin da kike jira: babu wadda ta mutu. Alhamdu lillahi.

A bakin ƙofar asibiti Mahamman ya same ni. Na karanta layin nan naki na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni mace, ni Musulma, abin da kowace yarinya ta sani! Na ruga wurin Dokta Bertrand, Faransancin ma ya gudu daga bakina. Da ya fahimta bai yi tsawa ba, cewa ya yi, "Su wa da wa?" Muka zauna da Madam Brigitte muna kiran mazajensu. Wasu sun sha abinsu, sun ce ai sun gane nufinmu. Biyu ba su sha ba, aka kawo su a moto, wato babur, aka duba su, ba abin tsoro.

Saura Dela, haihuwar fari. Mijinta Hamadu mahauci ya ce ta tafi wanka gidan uwarta, wani sansanin masunta a bayan Lagdo, inda waya ba ta shiga. Kuma ita ce jininta ya fi na kowa hawa. Dokta ya ba da motar asibiti, Hamadu ya bar nama a kan tebur ya shigo. Daga Lagdo sai kwalekwale. Duk tsawon ruwan nan ban iya haɗa ido da mutumin ba, shi kuwa sai ba ni haƙuri yake, wai na sha wahala saboda iyalinsa.

Mun same ta a zaune bakin bukka, tsakiyar hayaƙin banda, fuska ta kumbura, ta ɗaure kai da ɗankwali tam. Ta ce kanta kamar ana sara, kuma tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Na ce, "Dela, ina maganinki?" Sai ta kwance bakin zane ta nuna mini, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ga shi na adana, Malama. An ce bayan salla, ina jira in yi arba'in in fara." Da murmushinta ta faɗa, tana jiran in yaba mata. Da na auna ta, Goggo, lambar da na gani ba zan rubuta miki ba. Madam Brigitte ta yi mata allura nan take, muka ɗauko ta da jaririn da uwar. Yanzu tana kwance a wurinmu, jini ya sauka, kumburi ya saɓe, jiya har tana faɗa wai abincinmu ba gishiri.

To amma ni na gama. Na rubuta takardar ajiye aiki, ranar Laraba zan miƙa. Madam Brigitte ba ta da laifi, ina za ta san hukuncin biƙi? Ni na koya mata. Da na yi zamana a kujerar baya na kama bakina, da Dela ta sha maganinta da agogo ko babu agogo. Wanda bai iya rawa ba ya zauna ya yi kallo. Baba ya ce in koma shagon magani na ɗan'uwansa, can ba mai tambayata dabara.

Na gode, Goggo. Ba don ke ba, ban san me zan ce wa Hamadu ba. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Nafisatu

Marwa, ranar Asabar

Nafisatu,

Wa'alaikumus salam. Na karanta, na yi sujada, Achta ta ɗaga ni saboda ƙafa. Allah mun gode maka. A gaida Dela, a ce mata gishirin nan ta haƙura da shi tukuna.

Yanzu ke. Shagon magani! Yayana ya tsufa, ki ce ni na faɗa. Wato ki bar Malam Sharif da sauran tsofaffi su koma ajiyar ƙwaya a aljihu, don ke kin ji kunya? Wa zai nemo su a kwalekwale in sun faɗi a mahauta? Kuma wa ya gaya miki da agogo Dela za ta sha? Akwai agogo a bukkar masunta? Kada ki raina mini hankali.

Dabararki riga ce da aka ɗinka wa tsofaffin maza, ta zauna musu daidai. Kuka ɗauka kuka zura wa mai jego ba ku gwada ba. Ba ƙona rigar ake yi ba, gyara ake. Kuma ba ke kaɗai ba ce a ɗakin ranar da aka tafa. Mata nawa ne Musulmi a wurin? Duk sun tafa, murna ta rufe musu ido. A zamaninmu ko tafin ba mu samu ba. In ka ce wa majo, shugaban ma'aikatan jinya, kana da shawara, sai ya tambaye ka ko ka gama wanke kwanoni. Ke kin sami likitan da ya ji kuskure ya ce "su wa da wa", ya ba da mota, shi ne za ki saka masa da takarda?

Ranar Laraba ki je. Kada ki zauna a baya. Ki miƙe ki faɗi abin da ya faru da bakinki, tun daga farko har bakin zanen Dela, kada ki rage, kada kuma ki yi ta dukan ƙirji kamar a gidan makoki. Takardar ki bar ta a jaka. In kin gama aka ce ki tafi, to, ki miƙa, ni da kaina zan zo in taya ki kwashe kaya.

Na haɗa miki da yaji, na ji an ce kin rame. Allah ya yi miki albarka, ko da yake kina ba ni ciwon kai.

Goggonki

Garwa, ranar Alhamis

Goggona ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Yaji ya iso, useko, na gode. Baba ya ce in shi ya tsufa, ai ku biyu ne.

Na je, na miƙe, na faɗa duka. Da na gama, hannuna yana cikin jaka a kan takardar. Sai wani tsohon ma'aikaci ya ce shi dama ya san za a rina, a koma agogo, a kuma daina wannan zama na Laraba kafin a kashe wani. Wasu suka gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan.

Dokta Bertrand ya ce, "Ni na ce a gwada a ko'ina. In akwai mai ajiye aiki, ni ne farko a layi." Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ranar da ma'aikaci zai ga kuskure ya ɓoye don gudun hukunci, domin da na ɓoye, da yanzu ana zaman makoki a Lagdo. Ya kafa doka: kowace sabuwar dabara, kafin ta bar ɗakin da aka haife ta, sai an zaunar da irin mutanen da za su yi amfani da ita an tambaye su, "Wa wannan ba zai yi wa aiki ba?"

Gyaran kuwa daga Madam Brigitte ya fito. Ta ce ita ba ta salla, amma tun da ta zo Garwa ladan ne yake tashinta. Me zai hana a ce in an ji kiran salla, maimakon in an yi salla? Mai jego tana ji, Kirista yana ji, har sansanin su Dela akwai mai kira. Muka je gadon Dela muka tambaye ta ita da uwarta. Uwar ta ce, "Da haka kuka faɗa tun farko, ai da ba ku sha rana a ruwa ba."

An sallami Dela jiya. Takardar nan kuwa na kunna risho da ita. Goggo, rabona da barci mai daɗi irin na jiya har na manta.

Dokta ya ce in gaishe ki da kyau, wai yana son ganin ungozomar da ta hango daga Marwa abin da muka kasa gani a gabanmu.

'Yarki,
Nafisatu

Marwa, ranar Asabar

Nafisatu,

Wa'alaikumus salam. Madalla, haka nake son ji. Ina amsa gaisuwar likita, ki ce masa in ya zo ya ɗaga murya.

Brigitte ta yi kai. Sai dai ina da tambaya, tunda an ce a riƙa tambaya. Ni ma an ɗora ni a kan maganin tansiyo tun bayan Babbar Salla, ban gaya muku ba don kada ubanki ya tayar da hankali. Masallaci yana jikin katangata, amma rabona da jin ladan shekara ta zagayo. To mu kurame fa, yaushe za mu sha?

Ki kai musu. In kuma ƙafarki za ta yi rawa, ki faɗa mini in aiko da wani yajin.

Goggonki

Garwa, ranar Laraba

Goggo,

Assalamu alaikum. Maganar ɓoye ciwo, ni da ke ce ranar Asabar, ina nan tafe da abin awo.

Na kai tambayarki. A kujerar gaba na zauna, ni na fara ɗaga hannu, ƙafata ba ta yi rawa ba. Ba mu sami amsa ba tukuna, an yi ta gardama har shayi ya huce. Kafin mu samo, na yi waya da Achta, za ta riƙa leƙo ki Asuba da Magariba, kada ki kore ta.

Ga bandar kifi a hannun Mahamman, uwar Dela ce ta aiko daga Lagdo. Ta ce rabi nawa, rabi na tsohuwar da ta tambaya ko mai jego tana salla. Kada ki sa gishiri da yawa.

Sai na zo.

'Yarki,
Nafisatu