Ɗakin Kaka Mai Takardar Izini

Unguwar Marke,
Ɗambatta.

Zuwa ga Yayata Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙawayenki na kwalejin Bici. Yaya karatu? Mu ma lafiya lau. Na ba Hure mai man gyaɗa wannan wasiƙa ne domin wayar gidan nan tana aljihun Baba, kuma kin san bakina ba ya buɗuwa a gabansa.

Kaka za ta dawo wurinmu da zama. Tun da ruwan bara ya rushe ɗakinta a Shanono take raɓe a gidan mutane, ga idonta ya ƙara yin hazo. Baba ya sa Ɗan Iya magini ya fara mata ɗaki a gefen zaure, ƙarƙashin darbejiya, inda iska take kaɗawa. An ce ni zan riƙa kwana da ita. Na yi murna ƙwarai.

To gini ya kai taga sai ga ma'aikatan tsara gari a mota. Suka shafa wa bangon jan fenti, suka ce ya matso titi da yawa, kuma tun da aka shimfiɗa kwalta ba a ƙara ɗaki a gida sai da takardar izini. Yaya, shagunan da ke tsallaken titi har kwata suke taɓawa, amma ko ɗigon fenti babu a jikinsu. Ina leƙe ta ƙofar zaure na ga Baba, da furfurarsa, yana rusuna wa yaron da bai kai yayanmu Khalilu shekaru ba. Duk ranar abinci bai shiga cikina ba.

Inna tana gaishe ki.

Ni ce ƙanwarki,
Sa'adiya.

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan zazzaɓin da Hure ta ce kin yi ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Takarda ta fito, amma da ma ba ta fito ba. Sun ce sai dai a ja ɗakin can ciki, nesa da titi. Kin san gidanmu, bayan katanga geron maƙwabta ne har jikin bango, babu inda za a matsa. Fili ɗaya ya rage, kusurwar da tsohuwar salga take, wadda ta cika bara aka rufe ta da ruɓaɓɓen kwano da toka da ƙasa.

Na ɗauka wani zai ce a'a. Baffa Sama'ilu ya ce ƙasa tana cinye komai, siminti kuma ba ya tona asiri. Ɗan Iya ya ce shi dai inda aka nuna masa nan yake haƙa. Inna ta yi magana sau ɗaya, Baffa ya tambaye ta ko a kanta za a ɗora ɗakin, sai ta koma madafa. Baba kuwa sama kawai yake kallo saboda hadari ya fara haɗuwa.

Ma'aikacin da ya zo awo shi ya fi tayar mini da zuciya. Ya tsaya a kan wurin, ya toshe hancinsa da hankici, ya ja tef ɗin awo daga titi zuwa inda aka kafa turaku, ya ce yanzu an bi doka. Ko tambayar daga ina warin yake fitowa bai yi ba. Da ya gama ya koma zaure ya shanye furar da Inna ta dama.

Da suna haƙa tushe na ga abin da ya fito a bakin shebur. Ba zan rubuta shi ba, takardar nan hannunki za ta shiga.

Baffa ya tara mu ya ce duk wanda ya gaya wa Kaka, shi da shi ne. Yaya, kin san Kaka. Ko ɗan tsako ya taka mata darduma sai ta sa an wanke.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Sa'adiya.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma jarrabawa ta zo da sauƙi. Na ga sabulun da kika aiko, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kaka ta iso. Ta shafa bango da hannu, ta shafa ƙofa, ta yi ta sa wa Baba albarka. Baffa ya sa takardar izinin a leda ya maƙala a ƙusa, yana nuna wa duk wanda ya zo sannu da zuwa.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi, daɓen ya tsage daga tsakiya. Gefen tsagar ya yi baƙi, kullum a jiƙe, kuma idan na taka sai in ji kamar ƙasan yana numfashi. Kyankyasai suna fitowa ta nan. Da rana manyan ƙudajen nan masu kore suke cika taga. Inna tana aiko ni da kasko da turaren wuta safe da yamma, sai warin ya haɗu da ƙanshin ya zama wani abu da ya fi na da muni. Na daina cin tuwo a ɗakin, na ce wa Kaka ba na jin yunwa.

Kaka ta sa na duba ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu. Na durƙusa na duba, alhali na san babu ɓera. Na ce mata ban ga komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. Alƙibla ta faɗa daidai kan tsagar, kuma ni nake shimfiɗa mata darduma. Tana daɗewa a sujada, tana yi wa kowa addu'a da sunansa, har da Baffa. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa ina kallon goshinta a wurin. A da ƙyamar ma'aikacin nan nake ji, da Baffa. Yanzu har hannuna nake ƙyama.

Kada ki gaya wa kowa na rubuto miki.

Taki,
Sa'adiya.

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya kamar yadda muke, ko da yake gidan ya yi tsit.

Na faɗa wa Kaka. Ban shirya ba. Ina zuba mata ruwan alwalar Azahar, ta miƙo mini darduma, sai na ji hannuna ya ƙi karɓa. Ta tambaye ni ko aljanu ne suka taɓa ni. Na sunkuyar da kai na gaya mata abin da ke ƙarƙashin ɗakin, a hankali har sai da ta sa na maimaita.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tofar da yawu, ta sa na kai ta gindin darbejiya ta yi sallarta a kan tabarma. Ta sa na jiƙa dardumar da duk zannuwanta. Sannan ta aika a kira Baba da Baffa.

Baffa ya zo da takardar a hannu, ya fara bayanin doka da tazarar titi. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta juya wajen Baba ta ce, "To, tunda ɗakin har takardar gwamnati gare shi, ai ya fi ƙarfin tsohuwa. Mai gida ya dace da shi. Ni a kai mini kayana turakarka."

Baba ya ce to. Me zai ce? Kafin La'asar ni da Inna mun kwashe kayan. Baffa ya ce mini munafuka a gaban mutane.

Baba bai shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. A zaure yake kwana, sauro yana cinsa. Ya daina amsa gaisuwata, kuma wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma jiya da safe na ga ya tsaya a ƙofar ɗakin shi kaɗai, ya daɗe, sannan ya aika a gaya wa Ɗan Iya ya zo ya cire kwanon rufin da ƙofar.

Kaka ta ce in gaishe ki, kuma idan za ki zo hutu ki taho mata da sabuwar darduma. Ta ce waccan ko an wanke ta ba ta so.

Ni ce ƙanwarki,
Halima Sa'adiya.