Garin Magarya Zuwa Faransa

Ƙanwata Nafisatu,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya mutanen Garwa?

Lafiyata lau, sai gwiwa. Ɗana Mahfuzu bai rage ni da komai ba, amma shekara biyu ina zaune a Faransa kamar kujera, ba mai neman shawarata.

Watan jiya wata 'yar Gider ta rasu, aka rasa macen da ta iya wankan gawa. Na ce su matsa, na yi. Yanzu har daga wasu garuruwa ake zuwa ɗaukata.

Ki aiko mini garin magarya na wankan. Ina koya wa surukata Rahma, tana ƙorafin na takura mata. Ba ta gane wa nake so ta wanke ba.

Allah ya sa mu cika da imani.

Yayarki,
Hibatullahi