A Sako Hular Kawuna Daga Akwatin Gilashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, mai tambarin mujiya, wadda ke wasa a ƙaramin rukuni a nan bayan garin Washington.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da 'yan wasanka, masu haƙora da waɗanda suka rasa nasu a bakin aiki.

Sunana Nazifi. A bana na kammala digiri a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, saboda haka na san bambancin saɓani da ta'addi. Da gangan na rubuto da Hausa. Ranar da na shiga filinku babu wanda ya yi mini tafintan al'adunku, don haka ku ma ku nemi naku tafintan.

1. Asalin mas'alar.

A farkon hunturun nan wani Bature abokin aikina ya gayyace ni kallon wasanku. A tarbiyyarmu, namiji mai mutunci ba ya shiga taro kai ba hula. Sai na ɗora wadda ke hannuna: zanna ce, aikin Bama, ɗinkin hannu, ruwan toka da ratsin zare ruwan goro. Ba tawa ba ce. Ta kawuna ce, Alhaji Sule, mai harhaɗa magunguna a Silver Spring, wanda ya ara mini ita don hoton bikin kammala karatu.

Ana cikin wasa, sai wani ɗan wasanku ya zura ɗan baƙin faifan robar nan da kuke bugawa a madadin ƙwallo a raga karo na uku. Nan take fili ya ruɗe, kowa ya tuɓe hularsa ya wurga kan ƙanƙara. Ina tsaye ina nazarin lamarin ta fuskar ilimin zamantakewa, sai wani ƙato da ya shafe fuskarsa da shuɗin fenti ya rungume ni yana kuka, ya cire mini hula, ya cilla ta. Ina kallo ta yi juyi a iska, ta sauka a tsakiyar tarin hana-salla. Daga baya aka shaida mini cewa al'ada ce: idan mutum ɗaya ya ci uku, 'yan kallo sukan yi masa kyautar huluna. Ina mutunta al'ada. Amma a duk wata shari'a da na karanta, ba a kyauta da kan wani.

2. Abin da kuka yi da ita.

Na je ofishinku cikin lumana. Wata baiwar Allah ta tarbe ni da murmushi, ta ce sauran hulunan an bayar da su sadaka, amma tawa ta yi sa'a, an zaɓe ta ta shiga tarihi. Ta kai ni zauren shiga, ta nuna mini akwatin gilashi. Ga hular Kawu nan a ciki. An juya ta baki sama kamar kwanon sha, an saka faifan wasan a cikinta, an rubuta a ƙasa wai kwandon gargajiya ne daga wani masoyi da ba a san shi ba.

Ya Shugaba, hular da ake aikawa har can ƙasarmu a wanke ta, a sa mata sitaci, a ɗora ta kan itace ta bushe a tsaye, ita ce yau take riƙe da roba.

Da na nemi a buɗe, sai aka ce ba zai yiwu ba, domin tun daga ranar ba a ci ku ko sau ɗaya ba. Kafin kowane wasa 'yan wasanku sukan yi layi su shafi gilashin da safar hannu. Mai tsaron ragarku har sumbatarsa yake yi. An ba ni riga mai hoton mujiya a matsayin diyya. Na kai ta gida, Inna ta ce in fitar mata da tsuntsun nan daga falo kafin ta ƙirga uku.

3. Tarihinku, kamar yadda kuka rubuta shi da kanku.

Da yake ni mai bincike ne, na tsaya na karanta bangon zaurenku tsaf. Kun fara a wani garin masaƙa da tambarin kerkeci. Masaƙa ta rufe, kuka koma bakin teku kuka zama kifi. Rufin filin ya rufta, kuka taso nan kuka zama mujiya. Duk wanda ya ƙware a cikinku, manyan ƙungiyoyi su ɗauke shi, a bar muku masu faɗa da masu jinya. Kofi ɗaya tak kuka taɓa ɗauka, kuma ku da kanku kuka rubuta, cikin alfahari, cewa ya ɓace a wajen ƙaura, sai bayan shekaru aka same shi a bayan gidan wani tsohon direbanku an shuka tumatir a ciki.

To a mantiƙance, ƙungiyar da ta kasa riƙe kofinta, ta sauya gari da suna da dabba, ta yaya za a ba ta amanar hula? Ga shi kuma ana raɗe-raɗin za ku sake ƙaura zuwa can arewa. Ban yarda hular Kawu ta yi gudun hijira ba.

4. Abin da ke cikin hatsari.

A nan ne maganar ta wuce wasa. Ina neman auren Hauwa, 'yar wani likita da ke Laurel. An tsayar da Asabar mai zuwa don zuwa tambaya, kuma Kawu ne wakilina. Duk auren da Kawu ya je nema wa yaranmu a wannan yanki, daga Springfield har Laurel, da wannan hular ya je, kuma ba a taɓa mayar da shi hannu rabbana ba. Da na yi masa bayanin al'adarku, sai ya ce, "Nazifi, mun tura ka boko ka dawo da digiri, ka dawo ba hula. To ba hula, ba tambaya." Na kawo masa sabbi guda biyu, ko taɓawa bai yi ba.

A matsayina na mai ilimi ban yarda da camfi ba, naku ko nasa. Sai dai akwai wani injiniya daga Baltimore da ya fara yawan kai gaisuwa gidan likitan, kuma nasa kawun yana da hularsa a kai.

5. Buƙatuna.

Na farko, a buɗe akwatin a miƙo hular kafin Juma'a, a juyo ta daidai, ba faifai a ciki. Na biyu, a cire kalmar kwando. Na uku, idan kuna tsoron faɗuwa, ina da wata hula tawa ta kaina, ɗinkin keke, zan ba ku ita har abada. Mai tsaron ragarku ba zai gane bambanci ba.

In kuwa kun ƙi, ku sani na riga na shawo kan Kawu da hujja: ya ce shi dai sharaɗinsa a yi tambayar a gaban hular. Likita ma ya amince, don yana son ganin abin da idonsa. Saboda haka ranar Asabar, daidai lokacin da 'yan wasanku ke layin shafa gilashi, za ku tarar da dattawa cikin manyan riguna sun shimfiɗa darduma a gaban akwatin, da goro da alewa. Ku kashe kiɗa, ku rage sanyi, kuma ku ja wa mai shuɗin fenti kunne, domin kowane dattijo zai zo da hularsa.

Allah ya ba ka lafiya da basira. Allah ya zaunar da ƙungiyarku wuri ɗaya, ya ba ku nasara da guminku, ba da hular mutane ba.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Nazifi, ɗan ƙanwar Alhaji Sule,
Silver Spring.