Jinin Baba Yakubu a Rigar Malam Sabo

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu hutawa,

Gaisuwa mai yawa da ban girma a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata hutunki ya yi daɗi kamar yadda kika riƙa kwatanta mana. Ni ce Rahila, autarki. Na ɗora wannan a shafina ne, inda masu bibiyata suka saba ganin ina ba su labarin littattafan soyayyar da na karanta. Yau sai su yi haƙuri. Da ke nake magana, wanda yake so ya saurara.

Mama, an yi faɗa a cocinmu na Maitumbi. Surukinki Ishaya, mijina, yana tsare, kuma ni na faɗi sunansa.

Bari in ɗauko miki daga inda kika bari. Bayan rasuwarki hedikwata ta canja wa tsohon fasto wurin aiki, ta turo sabo. Tsohon ya ce babu inda za shi, shi ya tayar da cocin nan tun yana rumfar kwano. Rabin jama'a suka tsaya masa, rabi suka ce a bi tsari. Ƙofa ta koma ɗaukar kwaɗo biyu. Zumuntar Mata da kika yi wa waƙa har muryarki ta dushe ta rabu, mata masu zane iri ɗaya suna wuce juna a kasuwa ba gaisuwa. Ishaya ya bi sabon fasto. Baba Yakubu, dattijon da ya tsaya a madadin mahaifina ranar aurena, ya bi tsohon. Ni kuwa kin san ni, waƙa nake zuwa yi, in dawo in kwanta da littafina.

Ran Lahadin da abin ya faru muna cikin waƙar buɗe sujada sai fastocin biyu suka nufi mumbari a tare. Kowa ya kama makirufo yana ja. Lasifika ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka. Wani ya ture wani, kujerar roba ta tashi ta sauka a kan mawaƙa, daga nan ban ƙara gane wane ne na wane ba. Na ga malamin makarantar Lahadi ya shaƙe ma'ajin ikilisiya a jikin bango. Na ga wata uwa ta fizge ɗankwalin wata har da gashi. Tulun kiɗan Zumunta, wanda kika yi shekaru kina bugawa, a gadon bayan wani aka fasa shi. Maza suna karya benci don su sami abin duka.

Baba Yakubu ya shiga tsakiya da hannuwansa a sama yana cewa, "'Ya'yana, 'ya'yana." Ishaya yana bayansa da ƙafar benci a hannu. Na kira sunansa. Ya ɗaga katakon ya sauke a ƙeyar Baba Yakubu.

Kin sha yi mini faɗa kan littattafan nan, har ranar da kika kama ni na ɓoye ɗaya a cikin littafin waƙoƙi. A cikinsu akwai wurin da na fi so, inda idanun jarumi suke kaɗawa su yi ja, ya naɗe hannun riga ya yi wa mutane duka saboda abin da yake ƙauna. Nakan koma in sake karantawa ina murmushi. Har na taɓa jin haushin Ishaya don ya cika sanyi. Babu marubucin da ya taɓa gaya mini irin ƙarar da katako yake yi a kan tsoho, ko yadda ƙafafun mutum suke shure-shure a ƙasa bayan ya faɗi.

Kin tuna Malam Sabo, mai keken haya mai ƙafa uku da yake kai ki kasuwa, wanda kike tsokana da cewa kekensa ya fi shi tsufa? Har yanzu duk Lahadi yana fakawa a gindin bishiyar da ke tsallaken titi yana jiran a tashi ya ɗebi fasinja. Da ya ga mata suna fitowa a guje sai ya shigo. Mama, a cikin wannan hargitsin sai da ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Ya kutsa ya tallabo Baba Yakubu ta hammata, ya ce in kama ƙafafu. Muka yi waje da shi. Jini ya wanke gaban farar rigarsa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, labari ya riga mu fita. Waɗanda suka gudu sun yi ta buga waya, kafin a jima magana ta zama an kai wa coci hari. Samarin wasu coci-cocin unguwa suka bar sujada suka taho da gorori da duwatsu. Suka iske mutum mai hula da gemu, jini a rigarsa, yana jan dattijon ikilisiya zuwa keke. Ba wanda ya yi tambaya.

Dutsen farko a bakinsa ya same shi. Ya saki Baba Yakubu ya durƙusa, suka rufe shi. Na faɗa a kansa ina ihun cewa taimako ya zo yi, wani ya kama ni ya jefar, gora ta same ni a hannu. Suna dukansa suna kiran sunan Yesu. Da kunnena na ji. Suka farfasa gilashin keken, ana neman ashana. Can mararraba masu shaguna suna rufewa, samarin Musulmi su ma sun fara taruwa da nasu sandunan. Da ba don 'yan sanda sun iso sun watsa barkonon tsohuwa ba, da Maitumbi ta kama da wuta a kan faɗan da mu muka yi da kanmu.

Asibiti ɗaya aka kai su. Baba Yakubu bai san inda yake ba. Malam Sabo muƙamuƙi a karye, ba ya iya magana, ga ankwa an ɗaure hannunsa da gado, wai shi ne ɗaya daga cikin maharan da aka samu kamawa.

Sai ga abin mamaki. Dattawan da suka daina gaisawa suka zauna a ɗaki ɗaya har da fastocin biyu, suka fito da murya ɗaya: wasu ne daga waje suka shigo suka tayar da fitina. Shugabar Zumunta ta zo har gida ta same ni. Ta duba hannuna, ta yi mini sannu, ta tuna mini ke da ita kuka yi baftisma rana ɗaya. Ta ce in gaskiya ta fita hukuma za ta rufe cocin, a yi mana dariya a gari, a kwashe mazanmu. Ta ce shi Malam Sabo mutanensa za su fitar da shi, ba su rasa manya ba. Da za ta tashi ta ce, "Rahila, ikilisiya uwarki ce yanzu. Ki rufa mata asiri."

Ishaya kuwa da kansa ya wanke rigarsa, shi da ko hankici bai taɓa wankewa ba. Na ce masa na gani. Ya ce ban ga komai ba. Na ce akwai mutum a ɗaure a gadon asibiti saboda shi. Ya fizgi wayata ya buga da bango, ya juyo ya mare ni har na bugu da ƙofa. Tun da muka yi aure bai taɓa ko ɗaga mini murya ba. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, sannan ya fita.

Washegari matar Malam Sabo ta zo. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta zauna a bakin tabarma ta ce an gaya mata ni ce na riƙe ƙafafu, ta zo duba hannuna ne. Tana fita na ɗauki gyalena na tafi ofishin 'yan sanda. Na faɗi duk abin da na gani daga mumbari har titi. Da aka tambaye ni wanda ya bugi tsohon, na faɗa.

Lahadin da ta biyo baya aka sanar da sunana a gaban jama'a, an sa ni a horo. Ba Jibin Ubangiji, ba waƙa, ba ɗaura zanen Zumunta, zamana a bencin baya, har sai na miƙe na nemi gafara don na kai maganar gida waje. An ce fastocin biyu duk sun ce amin. Surukata ta aiko a kwashe kayan ɗanta.

Masu bibiyata da yawa sun rubuto suna cewa in rabu da coci gaba ɗaya, Allah a zuciya yake, bangaskiya ba ta buƙatar fasto ko hedikwata. Na so maganar. Ta yi kama da abin da kika faɗa kina kwance, lokacin da dattawa suka yi jinkirin zuwa duba ki: "Ba gini ne ya mutu domina ba." Amma ke ɗin ce kuma kika sa aka tallabe ki aka kai ki sujada kina numfashi da ƙyar. Lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce.

Na gwada, Mama. Na share ɗaki, na yi wanka, na zauna ni kaɗai na yi karatu na yi addu'a, kuma na ji ana saurarena. Sai na ɗauko waƙa. Kin san waƙoƙinmu duk na bayarwa da amshi ne. Na bayar, na yi shiru ina jira, sai kukan akuyar maƙwabta. Na sake bayarwa na amsa wa kaina, na ji kamar mai taɓin hankali. Daga nesa iska tana kawo mini muryoyin matan nan, waɗanda na gani da idona suna yaƙushin juna, kuma wallahi kewarsu na ji. Na yi fushi da kaina a kan haka, amma bai hana ba.

An sako Malam Sabo. An ɗaure masa baki da waya, kunu kawai yake zuƙa da tsinken roba. Da na je gaishe shi ya nuna ƙeyarsa da yatsa yana kallona, na gane Baba Yakubu yake tambaya. Na ce ya farfaɗo, sai dai hannu ɗaya ba ya motsi, magana kuma tana sarƙe masa.

Tun da aka kama Ishaya ya yi ta mayar mini da abincin da nake kai masa. Zuwana na ƙarshe ya karɓa. Ya rame. Faston da Ishaya ya fasa kan mutum saboda shi ko leƙo shi bai yi ba, an ce yana gudun kada a haɗa sunansa da maganar. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Da lokaci ya ƙare ya riƙe ƙarfen ƙofar ya ce, "Ki yi mini addu'a kafin ki tafi." Na yi, a tsaye, ga wari ga hayaniya, ɗan sanda yana kaɗa makulli. Da na gama ya ce amin, wasu mutum biyu a bayansa da ban san addininsu ba su ma suka ce amin. Rabona da jin addu'ata ta yi nauyi haka tun kafin faɗan.

To kin ji inda nake. Na tabbata Yesun da kika nuna mini ba ya hannun dattawa, ba za su iya kulle mini shi ba. Amma a bakin matan nan na koyi sunansa, kuma ban iya riƙe shi ni kaɗai a ɗaki ba. Ban san yadda ake raba su ba, na daina ƙaryar na sani.

An aiko mini cewa jibi za a kira sunana, in na miƙe na nemi gafara shi ke nan, komai ya wuce. Zan je. Zan zauna a bencin bayan da suka ba ni. In an kira sunana ba zan miƙe ba. Shugabar Zumunta ta ce in na yi haka samari za su fitar da ni, kuma na ga yadda suke fitar da mutum. Ina jin tsoro, Mama.

Ubangiji ya warkar da Baba Yakubu da Malam Sabo. Ya taɓa zuciyar Ishaya, ya dawo mini da shi ko da ba yadda na sani ba. Ya gafarta wa waɗanda suka yi duka da sunansa. Ni kuma ya riƙe mini gwiwoyina jibi, kada su miƙe ba da sanina ba. Ke ya ƙara miki hutu, har ranar da za mu gana.

Autarki mai kewarki,
Rahila