Sunan da Na Sa wa Kwamfuta

Kawo, Kaduna
9 ga Yuli, 1998

Yaya Balki,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna, ya su Ila? Ni lafiya lau, kewa ce dai takan ɗan taso, amma kada ki gaya wa Inna.

Saura ƙiris a koro ni gida Funtua! A shagon da nake koyon buga takardu, kowace kwamfuta tana da ɗan fayil mai sunaye da lambobin sauran, da shi take gane su. Na ga sunan ɗaya, PC2, ba daɗi, na goge a fayil ɗin tawa na rubuta Zaharaddin, saurayin littafin da nake karantawa. Ashe ita ce mai firinta, wato na'urar fitar da takarda, sai tawa ta daina ganin ta. Ga mutane suna jira, Oga na rantsuwa wanda ya taɓa zai bar shagon.

Anti Larai, babbarmu, ta buɗe fayil ɗin, ta kalle ni, ta mayar da sunan shiru. "Ta gyaru, Oga," kawai ta ce.

Da muka tashi ta raɗa min, "Ke Yalwa, Zaharaddin ɗin ya auri yarinyar kuwa?" Na ba ta aron littafin.

Don Allah Inna ta sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Yalwa