Shinge a Kan Burtali

Daga wajen aiki, gabas da Dogarawa
Watan Mayu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Baba da Raihanatu. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya zafin Ƙonni? Na rubuto ne don wayata ba caji. Raihanatu ta karanta miki.

Na ji har yanzu wutar kuran ba ta zama a unguwarmu, firigonki ya bar sanyaya ruwa, ya koma wurin ajiye kwanoni. Ki yi haƙuri. Tashar wutar rana da muke ginawa ba za ta kai Ƙonni ba, amma za ta ba ƙauyuka uku da ɗakin haihuwa guda. Gwamnati ce ta ba kamfaninmu izni, kamfanin kuma na 'yan kasuwa ne. Mun kafa panno, allunan gilashi masu zuƙar hasken rana, ɗari huɗu da ashirin, mun kewaye su da shingen waya.

Inna, akwai abin da ke damuna. A Yamai aka zaɓi filin, daga hoton sama da aka ɗauka da rani. An ga gonaki dama da hagu, tsakiya ba noma, aka ce fili ne marar mai shi. Ina auna ramin wayoyi sai na ci karo da turken siminti, rairayi ya kusa binne shi. Na bi layinsa na samu wasu. Burtali ne, hanyar da shanu ke bi zuwa arewa idan damina ta faɗi. Shingenmu ya tare ta baki ɗaya.

Na gaya wa patoro Sharifu, maigidanmu a wurin aiki. Ya ce in aka tsaya tayar da shinge za a wuce wa'adi, gwamnati ta karɓe izninta. Na je buro biyu, ofisoshin gwamnati. Na farko suka ce su wuta suka ba izni, ba ƙasa ba. Na biyu suka ce takarda daga sama ta zo. Hadari kuwa ya fara haɗuwa.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Kin san irin yawon da ya sha kafin in samu wanga aiki. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Awal

Watan Yuni

Zuwa ga Innata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ruwa kuma ya sauka muku da albarka. Ni lafiyata lau, ki fara riƙe wannan.

Shekaranjiya da hantsi garke ya iso, na Ardo Mika'ilu, shanu sun fi ɗari biyu. Gero ya riga ya tsiro a gefe biyu na shingen. Shanu suka taru a bakin waya suna kuka, na baya na tura na gaba. Masu gonaki suka fito da hauyoyi suka jeru a iyaka. Makiyaya suka sauko da sandunansu daga kafaɗa. Ardo ya ce shi hanyar kakansa ya biyo, ba zai koma ba. Wani tsoho cikin manoman ya rantse duk saniyar da ta taka mishi shuka ba za ta fita da ƙafarta ba. Patoro yana Tawa, wayarsa ba ta shiga. Jandarma na nesa. Kowa ya juyo yana kallona, don ni ke riƙe da makulli.

Inna, sai na fiddo makullin. Na kashe tashar, na gwada da na'ura ko da sauran wuta, na sake gwadawa. Tsakiyar filin akwai hanyar mota mai faɗin mita shida. Na sa leburori suka rufe ramin wayoyi da katako, suka jeru gefe da gefe riƙe da igiya. Na buɗe ƙofar kudu. Arewa ba ƙofa, sai na yanke wayar da hannuna.

Shanu suka shiga. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Wani bijimi ya ga inuwarsa a gilashi ya kai mata ƙaho, panno biyu suka fashe. Amma sun fita, ba a taɓa shuka ba, ba a zubar da jini ba. Ardo ya gaya mini wasu garkunan na tafe a bayansa.

Jiya saƙon patoro ya zo: in ɗinke shingen yau, ko in kai mishi makulli. Na rubuta duk abin da ya faru, har panno biyun, na sa hannu. Shingen ban ɗinke ba, ba kuma zan ɗinke ba.

Ina tafe ranar Laraba da katifata. Yanzu ki gaya wa Baba, kada ya ji a tashar mota.

Ki yafe mini. Ina gaida kowa da kowa.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Awal