Inda Dodon Koɗi Ya Kwanta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan makwanci ya yi miki sanyi.

Inna, bana rani ya tsananta a Gure. Rijiyar da shanuna ke sha ta ƙafe, biyu sun kwanta ba su tashi ba. Kin san ɗanki: da riga ɗaya na bar gida, na yi lakwal, karatun boko, a Damagaram, na kai shanu har bakin teku, garken nan kuma ba gadonsa na yi ba. Don haka ban nemi shawarar kowa ba. Na auna busasshen tafkin hanyar Kelle da igiya, na sa aka haƙa wuri biyu. Rairayi kawai muka tarar, mutane na dariya ƙasa-ƙasa.

Sai na tuna ranar da kika je da ni tafkin nan ɗibar yumɓu. Na tono dodon koɗi, bakinsa a liƙe, na ce mushe ne, na fasa. Ruwa ya fito, naman ya motsa. Kika ce, "Ka kashe mai haƙuri. Ƙofa ya rufe da guzurin ruwansa, yana jiran damina. Ba ya kwanciya sai inda laima ta fi daɗewa."

A bakin teku ma na ga danginsa manne da duwatsu. Ruwa ya janye, rana ta gasa dutse har ba ya takuwa, su kuwa sun ƙulle ɓawonsu, sun cunkushe a tsaguwa mai inuwa har ruwan ya komo. Na kau da kai, don kada in yarda kin riga malaman lakwal sani.

Shekaranjiya na tuɓe babbar riga, na bi tafkin da hauya kamar mai kalar gyaɗa. Inda muka haƙa da, duk ɓawon dodon koɗi ne fanko. Can cikin wani ɗan kwari na same su tari, a rufe, da nauyinsu. Na matsar da su gefe na binne, muka sa hannu muka fara haƙa a wurin.

A zurfin gaba biyu, Inna, ƙasa ta fara kama tafin hannu don laima. Yau da hantsi ƙwarya ta cika, jar saniya mai ciki ta sha har ta ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya shayar da ke ruwan Aljanna, Ya kai mu damina lafiya.

Naki har kullum,
Mamman